Ƙafarsa a Gindin Turmi

"Maigida! Ɗauke ƙahwarka ga turmin nan!"

Haliru ko motsi bai yi ba. Ina zai ji? Shafa'atu ta jingine taɓarya, ta riƙe ƙugu, takaici kamar ya kashe ta.

Shekara biyu ke nan da sanƙarau ya tafi da kunnuwan mijinta. Mutumin da ke kabu-kabu daga Bagudo har Tsamiya, bakin iyakar Benin, yana tafe yana rera waƙa, yau ya koma dutse. Ba fira, ba dariya, tuwo ma sai ta yi da gaske. Sai wannan sabon salon: da ta ɗauko turmi zai jawo kujera, ya tuɓe takalmi, ya manna tafin ƙafarsa a gindin turmin, ya kafe ta da ido. Matan maƙwabta har sun raɗa masa suna, wai mai gadin gero!

Ga yayanta Attahiru a ƙofar gida bisa babur. Inna ce ta turo shi daga Bahindi.

"Shafa'atu, ki hito mu tahi! Inna ta ce kin yi haƙurin da za ki yi."

"Ina zuwa, Yaya..."

Ta riga ta ɗaure kayanta. Geron nan kawai za ta surfa masa, kada a ce ta bar shi da yunwa. Amma yau kam sai ta amayar da abin da ke cinta. Ta durƙusa gabansa yadda zai ga bakinta.

"Mi kaka nema ga turmina? Gadina kaka yi? Na gaji, wallahi na gaji!"

Ya daɗe yana kallon leɓunanta. Da ya buɗe baki muryar ta fito da ƙarfi, ba saiti, don shi ba ya jin ta.

"Ba gadi ba ne, 'yar Bahindi. In kina daka, bugun na shigowa ta ƙahwata har ƙirji. Shi kaɗai ar kiɗin da ya rage min. Ranar da kin ka yi daka, ƙugin da ke cikin kaina na lahwawa, har in iya cin tuwo."

Ya ci gaba.

"Lugudenki na sani tun muna saurayi da budurwa. Kowane bugu na san waƙar da ke biye da shi. Shi ya sa nike kallon bakinki... amma kullum a ruhe. Kin bar waƙa saboda ni."

Kai, wannan mutum! Shekara biyu yana ƙunshe da wannan magana, ita tana ta ɓaɓatu kamar mahaukaciya?

Attahiru ya danna ham.

Ta kamo hannun Haliru, ta ɗora a maƙogwaronta, ta fara waƙar. Muryar ta yi tsatsa. Yatsunsa suka ji motsin waƙar. Can sai ga shi ya kama amshi, a karkace, ba daɗi ko kaɗan, hawaye na bin gemunsa.

"Shafa'atu! Rana na yi hwa!" in ji Attahiru daga ƙofar gida.

Ta share fuska da gefen zane, ba ta saki hannun ba.

"Yaya, ka gaida Inna. Ka ce mata mijina na jina."