Wa Zai Ɗauke Ta?

"Mayar musu da kuɗinsu."

Haka Dogo ya ce, ko kallon ledar kuɗin aikin asibitin da na tara masa bai yi ba. Yana zaune a ƙasan matakalar benen da yake haya, ya dafe mararsa inda ƙabar ta kumburo.

Wallahi ji na yi kamar in zube in yi ta kuka. Babu wanda ban tare ba a shagon simintin da yake lodi, ni kuma nake shara. Direbobi, masu gadi, har akawun da ko gaisuwa ba ya bayarwa kyauta. 'Yan kunnena ma sun tafi. Ga Mama kullum waƙarta ɗaya: "Ki rasa wanda za ki so sai wanda mata ta mutu ta bar wa gurguwar 'ya?"

"Girman kai ne ko me?" na ce. "Likita ya ce in hanjin ya shaƙe sai dai gawa!"

"Ba girman kai ba ne, masoyiyata..."

"To mene ne? Ka faɗa min, na gaji!"

Ya ɗaga kai ya dubi benen. "Ya kuma ce in an yi aikin, ko bokitin ruwa kar in ɗaga sai ɗinki ya warke. Wa zai ɗauke ta?"

Gimbiya, haka yake kiran 'yar, tana zaune gefe da jakar makaranta a kan shanyayyun ƙafafunta. Shi ke sauko da ita, shi ke hawa da ita, shi ke kai ta banɗaki. Tun rasuwar uwarta ba ta yarda wani ya taɓa ta ba. Ni kuwa ina can ina yawon neman kuɗi, ban taɓa tunanin wannan ba.

Na ajiye ledar, na durƙusa na juya mata baya.

"Gimbiya, hau."

"Ni Baba nake so."

"Ni ma shi nake so. Shi ya sa. Hau!"

Can sai na ji hannuwanta a wuyana.

Na yunƙura na miƙe. "Kai! Siminti kake ba yarinyar nan?"

Ta ƙyalƙyale da dariya.

"Bayanki zai yi ciwo," in ji Dogo. "Mama fa?"

"Ita ma goyo ta yi. Za ta gane."

Na hau ina haki, ina dafa bango. A bakin ƙofarsu Gimbiya ta ƙara ƙanƙame ni, ta raɗa min a kunne, "Gobe ma za ki zo?"

Na waiwaya. Dogo na tahowa a hankali yana share ido, ledar tana hannunsa.

"Gobe ma," na ce mata. "Da jibi."