Yatsu Uku a Kan Kibod

Mawaƙiya ta gaya wa Tsinin-Baki, mai haɗa mata kiɗa, in gobe bai gama waƙarta ba, ta canza sitidiyo. Ga muryarta a kwamfuta, amma duk sautukan da ya jera mata a ƙasa sai su yi ta faɗa da ita. Dare ya raba yana ta fama da kibod ɗin kiɗa, sai ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya waiga, ga wani dattijo a kujerar baƙi.

"Baba, rawa ka zo koya? Gwiwar za ta yarda kuwa?"

"Yatsu uku, ɗana. Danna ɗaya, tsallake ɗaya."

Ya danna. Waƙa ta zauna daram.

"Kai Baba, ashe ɗan hannu ne kai!"

A nan ya lura makirufo a kunne take. In ya yi magana, koren layin da ke nuna shigar sauti a kwamfuta ya yi tsalle. In dattijon ya yi, ko motsi. Tsinin-Baki ya so janye hannu, yatsun suka ƙi, suna ta kaɗa abin da bai taɓa koya ba.

"Ci gaba," in ji muryar dattijon, yanzu daga cikin hedifon ɗin da ke kunnen Tsinin-Baki. "Mutanena sun fara shigowa."