Zumar da Ta Kwantar da Kaka

A zamanin da Nasara ba su daɗe da kama ƙasar Damagaram ba, an yi wata yarinya a garin Matameye. Tana zaune da mahaifiyarta Fadima da kakarta Baiwa. Mahaifinta Illa ba ya gida. An kwashe shi tare da mazan unguwa zuwa aikin hanya, ba wanda ya san ranar dawowarsu.

Kaka Baiwa mace ce mai jiki. Duk Matameye an san alkakinta. Zuma take zuba masa ba ƙyashi, man shanu kuwa har ya bi gwiwar hannu. Amma tun damina jikinta ya ƙi daɗi. Ƙafafunta suka kumbura. Ƙishirwa ba ta barinta. In ta yi 'yar tafiya, sai haki.

Kafin a tafi da Illa, ya ɗora ta a jaki ya kai ta wurin likita a Damagaram. Likita ya ce ta rage ƙiba. Ya ce ta bar zuma, ta bar sukari, ta bar man shanu. In ba haka ba, ciwon zai kayar da ita.

Da sallah ta matso, Fadima ta kwaɓa garin alkama, ta raba biyu. Babban kason ta soya, ta tsoma a zuma. Ƙaramin kuwa ta gasa shi a tanda haka nan.

Yarinyar ta ce, "Inna, wannan busasshen na wane ne?"

"Na kakarki ne."

"Ba zuma?"

"Ba zuma, ba mai. Haka likita ya ce. Amanar da babanki ya bar mini ke nan."

Yarinyar ta kai wa Kaka. Kaka ta gutsura, ta tauna, ta ajiye. Idonta ya cika da ƙwalla.

Ta ce, "Ɗana ba ya nan. Lafiya ba ta nan. Yanzu har daɗin baki an raba ni da shi. Me ya rage mini, ƙawata?"

Ana haka sai maƙwabciyarsu Shekara ta shigo aron rariya. Ta leƙa ƙoƙon Kaka, ta riƙe haɓa.

"Ayya, tsohuwa! Wannan ne alkakin sallarki? Da ɗanki na gida, da ba a yi miki haka ba."

Maganar ta zauna a zuciyar yarinyar. Ta ga kamar Inna rowa take yi.

Da Fadima ta tafi rijiya, yarinyar ta buɗe tukunya. Ta cika ƙoƙo da alkaki mai zuma. Ta ƙara masa wata zumar a kai, ta ruga ɗakin Kaka.

Kaka ta ce, "Uwarki ta sani?"

"Ita ta ce in kawo miki."

Ƙarya ta yi. Kaka ta cinye tas, har da lashe yatsu. Yarinyar ta ji daɗi ƙwarai. Da la'asar ta sake kai mata. Safiyar sallah ma haka.

Mutane na dawowa daga idi, Kaka ta tashi za ta fito tsakar gida. Sai jiri ya ɗebe ta, ta faɗi.

Aka kwantar da ita a tabarma. Ta sha ruwa, ta sake sha, ƙishirwa ba ta tafi ba. Bakinta ya bushe. Yarinyar ta kama hannunta tana kira, "Kaka! Kaka!" Kaka ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Sunan Illa kawai take ambata.

Fadima ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Na tsare mata baki iyakar iyawata. Me zan ce wa ɗanta in ya dawo?"

Mata suka cika gidan. Shekara ta rage murya, amma kowa ya ji ta. "Yunwa ce. An hana tsohuwa ci, ga abin da ya jawo."

Matan suka riƙa duban Fadima. Hawaye kawai ke zubo mata.

Ƙawayen yarinyar suka zo da sababbin zannuwa, suna kiranta yawon sallah. Ba ta je ba. Ta laɓe bayan rumbu ta haɗa kai da gwiwa. Ga Kaka a kwance. Ga Inna na ɗaukar laifin da ba nata ba. Ta so ta yi magana, tsoro ya riƙe mata harshe. Ana kiɗa a gari, gidansu kuwa kamar gidan makoki.

Kawun yarinyar, Lawwali, ya ji cewa wani ma'aikacin likita yana garin Kance yana yi wa yara lambar rigakafi. Ya ari doki, ya je ya zo da shi washegari.

Mutumin ya duba Kaka, ya ce, "Me ta ci?"

Fadima ta ce, "Tuwo da miyar kuka, sai gasasshen alkaki. Ko ɗigon zuma bai shiga bakinta ba."

Ya girgiza kai. "To, abin ya ɗaure mini kai. In ban san abin da ya kayar da ita ba, ban san ta inda zan kama ba."

Yarinyar ta fito daga bayan ƙofa.

"Ni ce. Ni na ba ta mai zuma. Na ce mata Inna ce ta aiko ni."

Shekara ta ja mayafinta ta sulale.

Mutumin ya ce, "Kin yi kuskure babba, yarinya. Amma da kika faɗa, kin taimake ni." Ya ce a riƙa ba Kaka ruwa kaɗan-kaɗan, da romon zogale. Kada zaƙi ko maiƙo ya kusance ta. Sauran kuma sai addu'a.

Kwana da kwanaki Kaka na kwance. Yarinyar ba ta bar gefenta ba. Ita ke ba ta ruwa, ita ke yi mata fifita. Wata safiya Kaka ta buɗe ido, ta ce, "Ƙawata, ke ce kika rame haka?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Kaka, ki yafe mini. Inna, ki yafe mini. Tausayinta na ji."

Fadima ta jawo ta jikinta. "Kina tsammanin ni ban ji ba? Ina gasa alkakin nan zuciyata na ciwo. Amma na fi son ta yi fushi da ni tana raye."

Kaka ta ce, "Ni ma da laifina. Na san an hana ni, kwaɗayi ya ja ni."

Sannu a hankali Kaka ta miƙe. Ta kiyaye bakinta, jikinta ya yi sauƙi. Kafin babbar sallah aka sallami masu aikin hanya. Illa ya dawo ya tarar da uwarsa a tsaye tana yi masa maraba, gida ya cika da murna.

Tun daga nan yarinyar ta gane cewa ba duk mai hana ka abu ne maƙiyinka ba. Wani hanin ƙauna ne. Ta kuma gane cewa ƙarya, ko ta tausayi ce, tana iya kashe wanda kake so.