Fuskar Kaka

Wata yarinya tana da kawu mai zane da sassaƙa. Aikinsa ba ruwansa da sulɓi. Fenti yakan lafta shi da kauri, yumɓu kuma ya bar masa shatin yatsu. Ita kuwa yarinyar gwanar tsaf-tsaf ce, ko layi ba ta bari ya karkace a littafinta.

Bayan rasuwar Kaka, Kawu ya yi mako uku yana ƙera fuskarta da yumɓu. Saboda Baba Tsoho yake yi, mijin Kaka, wanda idonsa ya daina gani. Da hannu yake gane komai.

Wata rana Kawu ya fita sayen fenti. Yarinyar ta ɗaga jiƙaƙƙen tsumman da ya rufe aikin da shi. Ta ga goshi duk tamoji, kunci ɗaya ya lotsa, baki ya karkace.

"Kai, Kawu bai iya gama aiki ba!" ta ce.

Ta jiƙa hannu ta yi ta shafawa, har fuskar ta yi sumul kamar ƙwai.

Da yamma Kawu ya riƙo hannun Baba Tsoho. Kawu yana yaye tsumman ya tsaya cak. Tsohon ya laluba fuskar sama da ƙasa.

"Wace ce wannan?" ya tambaya. "Ina tamojin goshinta? Ina kuncin da ya lotsa? Ba ita ba ce."

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ni ce, Kawu," ta ce tana hawaye. "Na zaci kuskure ne. Da na sani, da ban taɓa ba."

"Garin neman gira kin rasa ido," in ji Kawu. "Abin da kika goge, shi ne Kaka."

Ya taɓa yumɓun. Ashe bai bushe ba.

Baba Tsoho ya kamo babban yatsanta. "Zo nan, sarkin gyara. Danna nan. Ƙara! Nan Kakarki take tamkewa in na ƙi shan magani."

Kwana biyar suna yi, su uku. Ranar ƙarshe tsohon ya shafa fuskar. Sai ya yi dariya.

"Yawwa, ga ta nan! Har hararata take yi."

Daga ranar yarinyar ta gane ba duk abin da ya karkace ne kuskure ba. Kuma ba ta sake taɓa aikin wani ba sai ta tambaya.