Madubi a Bishiyar Lemu

Ko na rantse ba za ku yarda ba, amma duk unguwarmu a Shiraz shaida ce: Kambiz mai gyaran wuta ya taɓa sa fuskarsa ta yi haske a gaban surukai. Tun da ya gudo daga makaranta yake cika baki cewa ba a haifi wanda ya kai shi dabara ba.

Marziye yake so, 'yar Usta Nasrollah, tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yanka madubi ƙanana-ƙanana yana liƙawa a rufin masallatai. Shi ba ya tambayar manemi dukiya. Sai dai ya karanta ayar nan ta fitila cikin gilashi, ya ɗora da baitocin magabata, ya ce ba zai ba da 'yarsa ba sai ga wanda ya ga haske a fuskarsa. Da haka ya sallami manema da dama. Marziye ta roƙi Kambiz ya bari Baba ya san shi a hankali. Kambiz kuwa haƙuri ba sana'arsa ba ce.

Ana gobe za a je neman aure, ya fake da duba wayar wutar tsakar gidan Usta, ya haye bishiyar lemu, ya ɗaure ɗan madubi, ya saita shi ta taga daidai kujerar baƙo.

Da la'asar suka iso shi da mahaifiyarsa, riƙe da furanni. Yana zama haske ya sauka a goshinsa. Tsohon ya dakata da jan carbi. Amma Gwaggo Batul, yayar tsohon, wadda ba ta yarda ko da inuwarta, ta ƙanƙance ido. Ta dubi taga, ta dubi goshin, tana tunanin yaushe rana ta fara shigowa ta wannan ɓangaren.

"Ɗan nan, taso ka miƙo mini sukari."

Ya miƙe. Hasken bai bi shi ba, ya tsaya a jikin kujera, har kyanwar gidan ta haye tana kai masa cafka.

Gwaggo ta fita, ta zunguro madubin da sanda, ta dawo ta juya kan Marziye da ke tsaye da tiren shayi. Ta ce ai ɓarawo ba ya shiga sai da ɗan gida. Wa ya nuna masa kujerar? Marziye tana hawaye tana rantsuwa, ba mai sauraronta, uban ma ya sunkuyar da kai.

Kambiz ya san in ya yi shiru laifin zai rabu biyu. Mahaifiyarsa ma mintsininsa take ya rufe baki.

"Usta, ni kaɗai na yi. Ita cewa ta yi in yi haƙuri, na ƙi ji. Ku kore ni, amma ku cire ta a ciki."

Tsohon ya daɗe yana juya madubin.

"Mai yanka madubi ka kawo wa wasan madubi? Tun kana zama na gani, jira nake in ga iyakarka."

Ya ce madubi bai taɓa mallakar haske ba, aro yake yi, haka ma zuciya. Bambancin dai wata gogaggiya ce, wata ta yi tsatsa.

"Taka tsatsar ta yi kauri, amma yau na ga inda za a fara gogewa. Gobe bayan asuba ka same ni a masallacin kasuwa."

Gwaggo ta ce ita dai ba ta yarda ba, za ta riƙa zuwa dubawa, kuma ta cika alkawari.

Haka gwanin dabara ya koma goge madubai a kan tsani, yatsu duk yanka, tun ana sanyi har zafi ya shigo. Marziye ta jira ba ƙorafi, tana aika masa burodi da cuku. Sai da tsohon ya ga ana yini bai sharara ƙarya ba, sannan ya sa ranar aure. Duk mai son a ga haske a fuskarsa ya fara da goge zuciyarsa, gogewa kuwa aikin mai haƙuri ce.