Tarin Mai Jego

Ranar da abin ya fara a gidan Gado, a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, babu abin da ya raba ta da sauran ranaku. Rana ta yi ƙasa, kaji sun hau bisa, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Uwani, matar gidan, ta sauke tukunyar ruwan zafi, ta tsoma ganyen dogon yaro a ciki, ta yi wa ɗiyarta Tahira wankan jego na maraice. Haihuwar fari ce Tahira ta yi, shi ya sa ta dawo gida wanka, mijinta kuma yana can Agadas wurin aiki.

Ta fito jikinta na tururi, ta zauna ta ɗauki jaririyarta Atika, sai tarin ya taso mata. Ta miƙa wa uwarta yarinyar, ta zaga bayan ɗaki, kamar yadda ta saba. Wani ɗan lungu ne tsakanin ɗakin da katanga, babu komai cikinsa sai yashi da tsohon turmi fasasshe a kife. Aka ji tana tari, tana tari, sannan shiru. Ta jima kafin ta dawo tana goge baki da gefen zane.

Ba ta kai ga zama ba dutse ya faɗo bisa rufin kwano. Ya gangaro a hankali, ya faɗi gaban Uwani. Da ta taɓa shi, da ɗumi.

Shi tarin nan ba baƙo ba ne. Tun da cikinta ya tsufa ya kama ta. An kai ta likita, wato asibiti, aka ba ta siro na tari da ƙwayoyi, lokotoron da ya duba ta kuma ya ce da bakinsa, in maganin ya ƙare tarin bai ƙare ba, a maido ta a auna majinarta, a ɗauki hoton ƙirji. Magani ya ƙare. Aka haihu, aka yi suna, aka ci rago. Tari na nan. Ga rama, ga zufa da ke jiƙa mata matashi, amma sai aka ce ai mai jego ce, zafin wanka ne.

Uwani ta taɓa kawo zancen sau ɗaya, tana zuba wa mijinta tuwo.

"Malam, ko a maida yarinyar ga likita? Sun ce a koma."

Gado bai ɗaga kai ba. "Mai jego ke yawo ba ta yi arba'in ba? Kuma ai an je. Da ciwonsu ne, da maganinsu ya ci."

Ita Tahira da aka tambaye ta, cewa ta yi ta ji sauƙi. Kullum ta ji sauƙi.

To, da jifa ya shigo, sai zancen likita ya ƙara nisa. Kowace magariba, in Tahira ta fito daga lungun nan, sai dutse ya sauka. Gado ya fara zargin yaran maƙwabta, ya yi tsaye a waje da bulala har aka kira salla, titi babu kowa sai 'yan kabu-kabu da ke wucewa, dutsen kuma ya faɗo a bayansa, cikin gida. Daga ranar bai sake fita ba.

Gida ya yi nauyi. Kowa ya shiga kallon kowa ta gefen ido. Uwani ta tuna wata mata da ta zo barka ta yi ta yabon gashin jaririyar ba ta ce tubarkalla ba. Ta kuma tuna Ladi, yayar Gado da ke aure a ƙauyen bayan Tsibiri, wadda mutanen gidanta har yau ba su rabu da 'yan bori ba, ita ce kuma ta kawo kanwar da ake dama wa mai jego kunu. Uwani ta kwashe kanwar nan ta zubar ba ta gaya wa kowa ba. Da Ladi ta ji labari ta zo da ƙullinta, tana shigowa idonta ya sauka kan tukunyar wanka.

"Ina kike zubar da ruwan zahin?"

"Inda kowa ke zubarwa, Yaya."

"Da magariba. Kina bisimilla?"

Gaskiya kuwa, wata rana Uwani tana yi, wata rana gajiya na sa ta manta.

"Kin ƙona wa masu wuri ɗiya," in ji Ladi. "Iskokin ne suka zauna wa Tahira a ƙirji. Kada wanda ya kuskura ya kai ta ga allura. Ciwon iska ba shi son allura, nan take za ku ɗauko gawa."

Wannan magana ita ta ɗaure Gado. In na likita ne aka bar ta a gida, za ta tafi. In na iska ne aka kai ta aka soka mata ƙarfe, za ta tafi. Mutumin da ke yanke cinikin buhunan hatsi da kalma ɗaya, sai ga shi zaune bisa tabarma yana juya hula a hannu.

Ladi ta kawo itatuwanta. Kowace yamma sai a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa saiwoyi da ƙaro, a shigar da shi ɗakin mai jego, a rufe ƙofa da taga, a toshe ƙasan ƙofar da tsumma. Jaririyar kaɗai ake fitarwa. Daga waje ana jin Tahira tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, Ladi na gyaɗa kai tana cewa, "Kun ji ko, yana jin jiki." Uwani kuwa ta ƙura wa ƙofar ido, ba ta yarda da Ladi ba, ba ta kuma yarda da kanta ba.

A irin wannan yamma ce, Tahira na kulle cikin hayaƙi, tarinta ya tsaya. Gida ya yi tsit. Sai wani tarin ya amsa daga lungun bayan ɗaki. Busasshen tari, na tsohuwa, mai ja a ƙarshe. Gado da Uwani da Ladi duk suka ji. Babu wanda ya motsa. Da Gado ya yi ƙarfin hali ya buɗe ɗakin, ya tarar da ɗiyarsa zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, idanunta a buɗe ba sa ƙyaftawa, tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Aka kawo mata Atika don ta sha. Ta kau da fuska bango.

Gari na wayewa Gado ya hau babur sai Jiratawa, wurin Malam Hafizu, wani dattijo mai karatu wanda ba ya son hayaniya. Malamin bai iso ba sai bayan la'asar. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin, ya shaƙi ƙaurin da ya kama labule, ya dubi kaskon, ya dubi Ladi.

"Hajiya, a fidda wannan. A buɗe taga."

Ya sa aka daka ganyen magarya aka zuba a ruwa. Ya zauna daga nesa kaɗan, Uwani ta riƙe kafaɗun ɗiyarta, ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya sauri. Hasken taga ya yi ja, ya fara dushewa. Can yatsun ƙafar Tahira suka fara rawa. Wuyanta ya sandare. Bakinta ya buɗe, muryar da ta fito kuwa ba tata ba ce. Muryar mai tarin lungu ce.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wace ce ke?"

"Mai wuri. Ina nan tun unguwar ga tana gonar hatsi. Aka zo aka gina, na matsa. Aka ƙara ɗaki, na matsa. Na koma ƙarƙashin turmi, ban ce wa kowa komai ba."

"Ruwan zafi aka zuba maki?"

"Ruwan Uwani bai taɓa isa wurina ba."

Uwani ta saki numfashi. Ladi ta matso da gwiwa, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ranki shi daɗe, in jini kike so a ba ki. Baƙar kaza ko jan akuya, ki faɗi."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah," in ji malamin, bai ko juya ba.

Sai abin ya yi dariya, doguwa, marar daɗi, har ta koma tari.

"Jini? Ai jini ne ya hiddo ni daga ɗakina. Kullum magariba sai ta zo ta tofa mani shi a bakin ƙofa, ta tura yashi da ƙafa ta rufe. Na yi jifa ku zo ku gani, kuka tsaya kallon juna. Kuka cika ni da hayaƙi, ni da ita."



Malam Hafizu ya ce, "Irinku ba ku rasa ƙarya. Ke kika sa mata tarin, yanzu kin ji wuta kina neman hanya."

"Na same shi a ciki. Ya riga ni. Wuri ne da duk ya ruɓe, ko kare ba ya kwana nan. Ba nawa ba ne, Malam, kuma karatunka ba ya fidda shi."

"To mi ya hana ta faɗi?"

A waje an fara kiran salla. Da muryar ta dawo, ta yi laushi, har Uwani ta kasa rabe ta da ta ɗiyarta.

"Ta ji an ce mai babban tari raba ta ake da abin da ta haifa. A ware mata kwano, a cire mata yarinya daga nono. Wa za ta gaya wa? Jaririyar nan ɗiyarta ta fari ce. Ko sunanta ba ta iya kira gabanku, balle ta ce tana son ta."

Gado, da ke tsaye bakin ƙofa, ya juya baya.

"Za ki fita," in ji malamin.

"Zan fita. A bar mani lunguna. Kada a share, kada a ɗaga turmin, kada a sake tofa mani komai."

"An bar maki. Ke kuma ba jifa, ba komawa jikinta, ba kusantar jaririya. Allah ne shaida tsakaninmu."

"Na ɗauka."

Ya ci gaba da karatu, ya yayyafa mata ruwan magarya. Ƙafarta ta hagu ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Tahira ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, abin da ta fara nema da kallo shi ne zanen da aka naɗe Atika a ciki, sai kuma ta tuna da mutane, ta sunkuyar da kai.

Malam ya fita alwala. Ladi ta bi shi har bakin randa, ta rage murya.

"Malam, tsakaninka da Allah. Mai wuri ce ta yi magana, ko yarinyar ce ta ari baki?"

Ya gama wanke hannunsa tukuna. "Hajiya, ni karatu na sani, ban san gaibu ba. Aljani na ƙarya, mutum na ƙarya. Yashi ne ba ya yi. Ku je ku duba."

Uwani ce ta je, ita kaɗai, da 'yar fitilar waya. Ta yi sallama a bakin lungun, ta tsuguna nesa da turmin, ta sa tsinke ta tona. Ba ta yi nisa ba. Yashin ya dunƙule wuri-wuri, baƙi-baƙi, wani ya bushe, wani bai gama bushewa ba. Ta daɗe a tsugune. Yarinyar da take wa wanka safe da yamma, tana murza mata baya da hannunta, ashe ga abin da take binnewa taku kaɗan daga murhu.

Ta dawo ta tsaya gaban mijinta. Ba ta ce masa Malam ba, ba ta roƙa ba.

"Gobe da sahe za mu likita."

"Arba'in ɗin fa?" in ji Ladi. "Allurar fa?"

Gado ya dubi yayarsa, ya dubi ƙofar ɗakin. Ya sa hularsa.

"Yaya, mai wurin da kanta ta ce ba nata ba ne. Ni zan kai su."

Babban tarin ne kuwa, wato tarin fuka. Lokotoron ya yi faɗa, faɗa sosai, da ya ji zancen kasko. Ya ɗora ta kan magani na watanni, ya duba jaririyar ya ba ta nata, ya ce duk mutanen gidan su zo a auna su, har Ladi, wadda ta zo tana gunaguni. Uwani ce ta yi tambayar, ta yi ta kamar don kanta.

"Jaririyar fa, a cire ta daga nono?"

"A cire ta a kai ta ina? Uwar ta rufe baki da hanci, ta ba ta nononta."

A bencin waje, cikin mutane, Tahira ta ɗaure ƙyalle a fuska, ta karɓi Atika ta sa ta a ƙirji. Ta sunkuya tana yi mata wata magana a kunne. Uwani ta ji sunan Atika sarai, har sau biyu. Sai ta juya tana gyara ɗaurin kallabinta, kamar ba ta ji ba.

Jifa bai sake sauka a gidan ba. Har yau Ladi na cewa kazar da aka hana ce ta ja ciwon ya daɗe, Gado kuwa ba ya son a tayar da zancen. Turmin na nan a kife. Uwani na share gidanta kaf, in ta zo bakin lungun sai ta ɗage tsintsiya, ta yi sallama, ta wuce.