Riga Marar Hannu

"Khala, kalli abin da na tsinto a ƙarƙashin gadonsu!"

Wafa ta zazzage ledar a tsakiyar kafet, a gaban yayar mahaifiyarta.

Rigunan jariri ne guda shida. Farare, shara-shara, babu mai hannu ko ɗaya.

Safiyyatu tana bakin ƙofar falo riƙe da tiren shayi, cikinta ya turo abayarta gaba.

"Me ya kai ki ɗakina?"

"Cajar waya na je nema, habibti."

Bayan la'asar ne, a gidan su Hafizu da ke unguwar Bani Harisa a Madina. Umma Kubra, mahaifiyarsa, ta baje kayan da ta kwaso daga kasuwa don a zaɓi na suna da na yau da kullum: suwaita na ulu, huluna, safa, barguna biyu. Ƙarshen Nuwamba ake sa ran haihuwar, lokacin da sanyin Madina ke fara cizo da asuba. Hafizu na zaune a gefe da jakar aikinsa, ko takalmin aiki bai cire ba.

Wafa, 'yar ƙanwar Umma, ta ɗaga riga ɗaya da yatsu biyu.

"Taɓa yadin nan, Khala. Wannan na sanyi ne?"

Umma ta murza.

"Na zafi ne," in ji Wafa. "Na Satumba, lokacin da kwalta ke narkewa. Mu muna nan muna zaɓen ulu, ita ta san ranarta."

"Wafa," Hafizu ya ce.

"La, Yaya, bari in ƙarasa! Yaushe ka dawo daga aikin Tabuk? Ƙarshen Fabrairu. Wata huɗu ba ka nan. To ka ɗauki Satumba ka koma baya wata tara..."

Ta fara lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Disamba. Kana ina? Tabuk. Tana ina? Gidan babanta a Uhudu. Wa ke da shagon turare a ƙofar gidan? Bakri. Wanda ya riga ka zuwa neman aurenta."

"A'uzu billahi!" Safiyyatu ta dire tiren. "Ki ji tsoron Allah!"

Umma ta shimfiɗa rigar a cinyarta tana dubawa.

"Amma ai sun yi ƙanana."

Safiyyatu ta buɗe baki. Kalmar tana kan harshenta.

"Shi ne wayon ai," Wafa ta riga ta. "Ranar da ya faɗo sai a ce mana bakwaini ne. Dubi yadda ta kumbura, wallahi kamar mai wata tara."

Safiyyatu ta rufe bakinta.

Umma dama ba ta taɓa son auren ba. Su 'yan ƙasa ne tun daga kakan Hafizu, wanda ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba. Mahaifin Safiyyatu kuwa daga Chadi ya zo, dabino yake sayarwa a gindin dutsen Uhudu. Wafa Umma ta so ya aura. Sau biyu Safiyyatu tana ɓari, sau biyu Umma tana cewa a gaban mutane, "Matan gidansu ba sa riƙe ciki."

Safiyyatu ta juya wajen mijinta.

"Ka yi magana mana."

Bai ɗago ba.

"Hafizu!"

Ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mahaifiyarsa ba. Umma ta ɗaga gira.

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Yaushe za ki haihu, Safiyya?"

"Tambayata kake yi?"

"Tambaya ce kawai."

"A nan? A gabanta?"

"Ki amsa."



"Da ka ja ni ɗaki ka tambaye ni mu biyu, da na faɗa maka komai. Yanzu duk abin da na ce, ita ta riga ta faɗa."

Ta haura sama. Ta sauko da ƙaramar jaka da wani koren fayil a hammata. Ba wanda ya tare ta. Ta taga Hafizu ya ga ta tsayar da tasi, ta shiga da ƙyar, tana ɗaga ƙafafunta da hannu.

*

Kwana biyar bai kira ta ba.

Yana zuwa aiki, yana ɗaure wayar lantarki a jikin bango, yana dawowa. Wafa ta ƙara yawan zuwa gidan. Ranar Talata har da shinkafa da kaza ta haura masa sama.

"Ka ci wani abu, ya galbi, zuciyata."

"Ajiye can."

"Ni fa don kai na yi. Na ga ana cutarka ne."

"Na ce ajiye can."

Da ta fita ya jawo ledar. Yakan yi haka kullum. Ya ƙirga watanni gaba, ya ƙirga baya. Ya tuna ranar da ya dawo daga Tabuk, yadda ta rungume shi a bakin matattakala tana kuka. Kukan murna ne? Ko na wani abu? Ya tuna ranakun da take cewa za ta awo, ta hana shi raka ta. "Kar ka rasa aiki, habibi." Sau nawa? Huɗu. Biyar.

A jikin ledar akwai tambarin shago: Tasallah Mai Ɗinki, Uhudu.

Ya ɗauki mukullin mota.

Shagon ɗan ƙarami ne, a bayan rumfunan masu sayar wa baƙi carbi da dadduma. Inna Tasallah tsohuwa ce 'yar Sudan, tabarau a kan hanci, allura a baki. Ita ta ɗinka wa Safiyyatu kayan aure.

Ya yi sallama ya ajiye rigar a kan keken ɗinki.

"Inna, ke kika ɗinka wannan?"

"Ni ce. Ta ɓaci?"

"Yaushe ta ce miki za ta haihu?"

Tsohuwar ta cire allurar daga baki. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai ne mijin, ni kake tambaya?"

"Yadin na zafi ne."

"To?"

"An ce... an ce lissafin bai fita ba."

"Wa ya ce?"

Ta ɗauki rigar daga kan keken.

"Buɗe hannunka."

Ya buɗe. Ta ɗora rigar a tafinsa. Da kaɗan ta wuce yatsunsa. Ta miƙa hannu cikin kwali ta zaro wata rigar jariri ta kanti, ta shimfiɗa a gefe. Ta kusa ninka ta biyu.

"Wannan ita ce ta ɗan wata tara. Shekara talatin ina ɗinki. Ka gaya mini, wace mahaukaciya ce za ta biya a ɗinka wa ɗan wata tara rigar da ko kansa ba zai shiga ba?"

Ta nuna rigar da ke tafinsa.

"Duba kafaɗa. Me ka gani?"

"Maɓalli."

"Duka biyun. Da gefe. Don me?"

"Ban sani ba."

"Don a buɗe ba a taɓa roba ba. Yaran da ake sa wa a kwalba, roba a hanci, roba a hannu. Hannun riga zai hana. Ulu kuma ba a shiga da shi wurin. Duk kantunan Madina ta zaga, ba ta samu ƙanana haka ba. A jikin 'yar tsana muka gwada, tana kuka ina yanka."

Rigar tana tafinsa. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

"Me ya same ta, Inna?"

"Ba a bakina za ka ji ba. Gidan babanta Malam Sabiru ka san hanya, layi biyu ne daga nan." Ta mayar da allurar baki. "Ka bar rigar idan ba ka so. Akwai masu buƙata."

Ya sa ta a aljihun gaba.

*

Malam Sabiru ya amsa sallamarsa a daƙile, ya nuna masa ɗaki, ya fita masallaci tun ba a kira ba.

Tana kwance a gefen hagu, ƙafafunta a kan matashi biyu. Fuskarta ta ƙara cika. Na'urar gwada jini tana kusa da kanta.

"Safiyya..."

"Ka kawo takardar?"

"Wace takarda?"

"Ta saki. Ko Wafa ba ta gama rubuta maka ba?"

Ya durƙusa a bakin katifar.

"Daga wurin Inna Tasallah nake."

"Oh. Sai da mai ɗinki ta yi mini shaida."

Ya sunkuyar da kai.

Ta jawo koren fayil ɗin ta tura masa.

"Ba sai na duba ba, na yarda..."

"Karanta! Duka! Ba don ni ba. Don kar wata rana ka kalli yaron nan ka fara lanƙwasa yatsu."

Ya karanta. Hoton cikin na farko na watan Afrilu, sati bakwai. Sai awon jini, lambobin suna hawa kowane mako. Sai rubutun likita da jan biro.

"Jinina ya hau," ta ce. "Yaron ba ya samun abinci sosai a ciki. Likita ta ce da wuya mu wuce Satumba, za su ciro shi."

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata guda da rabi."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa maka, ka faɗa wa Umma. Ba ka iya ɓoye mata komai. Ita kuma ta ce ai dama ta faɗa." Muryarta ta karye. "Na gaji da jin ba ma riƙe ciki, habibi. Na ce bari in riƙe wannan iyakar ƙarfina, ni kaɗai, ko da sati ɗaya ne a kan ɗaya..."

Ya kama hannunta. Zoben aurensu ya nutse cikin yatsan.

"Ki yafe mini, ya ruhi."

"A'a."

"Safiyya."

"Ba yau ba. Kwana biyar, Hafizu. Ko saƙo."

"Na sani."

"Kuma ba zan koma gidan nan ba."

"Tayyib."

"Kar ka ce tayyib don in yi shiru."

"Zan nemi gida a nan Uhudu. Gobe."

Bai tafi ba. Ya gwada mata jini da kansa, ya rubuta lambar a bayan fayil.

Washegari ya je Bani Harisa. Ya ajiye hoton Afrilu a gaban mahaifiyarsa, ya nuna mata kwanan watan da yatsa. Wafa tana wurin.

"Ai ana iya buga takarda..." ta fara.

"Khalas," in ji Umma, ba ta ko kalle ta ba. "Tashi ki tafi gidanku."

*

Ashirin da shida ga Satumba aka shiga da Safiyyatu tiyata, da hantsi, rana tana dukan gilasan asibitin.

Mace ce. Kilo ɗaya da giram ɗari huɗu.

Kwana uku Safiyyatu ba ta iya tashi ba. A na huɗu Hafizu ya tura ta a keke har bakin ɗakin jarirai. Umma na zaune a kan benci a waje da carbi. Tun ranar farko take zuwa, ba ta taɓa shiga ɗakin Safiyyatu ba.

Ta cikin gilashi suka hango ta. Ja-ja-ja, ƙirjin yana hawa yana sauka da sauri.

Ma'aikaciya ta fito da takarda a hannu.

"Baban jaririya, kun sa suna? Muna so mu rubuta a jikin gadon."

Umma ta gyara zama. Kowa a dangin ya san 'yar fari sunan uwar miji take ci.

"Zulaiha," Hafizu ya ce.

Safiyyatu ta juyo da sauri har ɗinkin ya ja ta. Sunan mahaifiyarta ne, wadda ta rasu a Abeche, can Chadi, tun Safiyyatu tana 'yar shekara tara.

"Zulaiha Hafizu," ya maimaita. "Ki rubuta da manyan baƙi."

Carbin Umma ya tsaya. Ta kalli ɗanta, ta kalli gilashin.

"Allah ya raya Zulaiha," ta ce a hankali. Ta miƙe ta matso kusa da keken. "Sannu, 'yata. Kin riƙe."

Hawaye suna gangarowa a kumatun Safiyyatu.

Da Umma ta tafi alwala, Hafizu ya tsuguna a gefen keken.

"Habibti..."

"Ban gama fushi ba."

"Na sani."

"Zai daɗe."

"Ina nan."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗora hannunta a kan nasa.

"To tura ni ciki. Ka wanke hannu sosai, har gwiwa. 'Yarka ba ta san muryarka ba tukuna."